Irin da Muka Ci

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan sujada

Fasto bai iso daga Tibiri ba, an ce hanya ba daɗi, sai aka ce dattijo ya tashi ya yi wa'azi. Dattijon kuwa nawa ne. Bakina bai taɓa kiran sunansa ba, amma takarda ba ta kai tsegumi, bari in rubuta: Ayuba. Ya tsaya gaban majami'a da rigarsa da ta fara yi masa yawa, ya ce, "Rumbun Ubangiji ba a taɓa ganin gindinshi ba." Mata suka ce amin. Ni ma na ce amin da ƙarfi, don hankalina yana kan namu rumbun.

Tun shigowar bazara su Bappa ke zaune bakin gonarmu. Bappa Bafulatani ne, abokin Ayuba tun zamanin iyaye. Kowane rani yana kawo shanu su kwana gonarmu su bar taki, mu ba shi hatsi. Bana da ƙafa suka zo, shi da matarsa Zainaba da matan 'ya'yansa da ƙananan yara, ko ɗan maraƙi babu. Abin da ya faru a rugarsu can wajen iyaka ba zan rubuta ba, ban ma san shi duka ba. Na dai ga Zainaba ta iso da ƙwaryar tatsa a kai babu komai ciki, kuma ba mai ambaton sunan babban ɗansu Faruku.

Ayuba bai yi shawara da ni ba. Ya ce, "Tala, ɗora babbar tukunya." Tana kan murhu har yau.

Talata, 14 ga Mayu, da hantsi

A gidan nan mace ba ta leƙa rumbu. Haka na tarar. Uwar mijina ta mutu ba ta san yadda cikin rumbun mijinta yake ba. Bin Yesu ya sauya abubuwa da yawa a zuriyar su Ayuba, sun bar tsafi, sun bar giya, amma wannan al'adar ta shiga ruwan baftisma ta fito a bushe. Namiji ke hawa ya ɗaga jinka ya jefo dami. Mace ta ɗauka ta sussuka ta yi shiru.

Damin yau rabinsa kara ne. Bara tsutsa ta bi zangarniya ta cinye, duk garin nan ba wanda ya cika rumbu. Na ce masa, "Baban Mansura, rumbun nan dai..."

Ya ce, "Mi ya samu rumbu?"

"Ba abin da ya same shi. Tambaya nike."

"Ke dai daka abin da anka ba ki. Wanda yac ce mu ba mai jin yunwa, shi ya san abin da ke ciki."

Na ce to. Shekara da shekaru ina cewa to ga Bagobirin nan, har kalmar ta yi kanta a harshena.

Alhamis, 16 ga Mayu, da rana

An sai da akuyata. Ba ni da abin faɗi kan wannan.

Asabar, 18 ga Mayu, da hantsi

Dole in rubuta wannan.

Yau bai jefo dami ba. Sauko da shi ya yi a rungume, ya kwance shi tun a bayan rumbu, ya kawo mini zangarnu a warwatse kamar wanda ya tsinto su. Ina gani na gane. Dogaye ne, kowace ta kai tsawon hannuna, cike har baki, ba inda tsutsa ta taɓa. A gindin ɗaya akwai ɗan jan zare maƙale.

Ni na ɗaure su. Ran girbi ni da shi muka bi gona muna zaɓen zangarniya ɗaya-ɗaya, na yage tsohon jan zanena na ɗaure damman don kada su gauraya da na ci. Irin Baba Dikko ne, uban Ayuba, shi ma wurin nasa uban ya gada. Ko shekarar da mutane suka ci dusa ba a taɓa shi ba. In ana fito da shi yau, ba sai na leƙa rumbu ba, na san abin da ya rage.

Na dube shi, ya dubi ƙasa. Na zuba a turmi. Ban taɓa jin nauyin taɓarya kamar yau ba.

Tuwon kuwa ya yi daɗi, abin takaici. Bappa ya aiko a ce mini bai taɓa cin tuwo mai gardi haka ba, Allah ya saka da alheri.

Lahadi, 19 ga Mayu, da yamma

Na ɗebi hannu guda daga tsabar yau kafin in surfa. Na cuɗa da toka, na zuba a tsohon tulun nan mai tsagaggen baki, na tura ƙarƙashin gado. Ban gaya wa kowa ba. Na gaya wa Ubangiji, ban tsaya jin amsa ba.

Talata, 21 ga Mayu, bayan la'asar

Na tafi kasuwar Gidan Sori a amalanken Jika maƙwabcinmu, wai sayen gishiri. Gaskiyar magana waya na je yi. Ƙanena Labo yana Gazawa, yana ɗan kai-da-kawo tsakanin can da Najeriya, gidansa ba a kwana da yunwa. Duk hanya ina jera maganar: Labo, iri nake so, iri, ko kwanon tiya ɗaya ne.

Ya ɗauka. "Yaya Tala! Ina gajiya, ina su Malam Ayuba, ina zafi?"

Muka gaisa har na ji kunyar mai wayar. Na ce mun yi baƙi. Ya ce ya ji labarin abin da ake yi wajenmu, Allah ya kyauta. Na buɗe baki in ce iri, sai na ga Ayuba a idona, mutumin da duk garin ke zuwa tambayarsa ranar shuka, ana cewa a gidan surukansa ya cinye irin ubansa. Abin da ya fito shi ne, "Abinci ya ɗan yi mana kaɗan."

Ya ce, "Haba Yaya, shi ne ba ki faɗa ba tun tuni? Bar shi hannuna. Zan ba direba ya sauke a garin Agiye wurin 'yarki Mansura, ita ta san yadda za ta turo miki."

Na ce a raina ai manomi ne ɗan manomi, zai fahimta, hatsi zai aiko. In hatsi ne ko na ci ne sai in shuka.

Laraba, 22 ga Mayu, da safe

Hannu guda.

Juma'a, 24 ga Mayu, da rana

Na kai masa ruwa gona, yana sassabe shi kaɗai. Mutum yana share gonar da ba shi da abin zuba mata. Na ajiye butar na ce yau sai na faɗa.

"Baban Mansura, iri muke ci."

Bai daina sara ba. "Na sani."

"Ka sani. To in ruwa ya sauka mi za mu zuba? Amin?"

Ya dafa gatari ya dube ni. Na lura wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako, ashe rabin tuwonsa yaran Zainaba ke cinyewa.

Ya ce, "Tala, ran da sunka zaka, na hau rumbu na duba. Na ga iyakar abin da ke ciki, ni ba mahaukaci ba ne. Amma an ce mu ba, ba a ce mu ba in ya yi saura ba. In na hana ɗiyan Bappa don in aje iri, da wane baki zan tsaya ran Lahadi in ce Ubangiji na iya komi?"

"To roƙi Jika ya ranta maka ko kaɗan."

"Jika na da? Kuma in na roƙa, gari ya ji Hulani sun cinye irin Ayuba. Bappa ya rasa shanu, ya rasa ɗa, sai in ƙara mashi da wannan? Kada ki bari su ji."

Na ce, "Kai ka fi Allah tausayi ke nan."

Ya ce, "A'a. Bin shi nika."

Na ɗauki buta na taho. Haushi nake ji, haushi ƙwarai, kuma abin da ya fi ci mini rai ban samo inda ya yi ƙarya ba.

Lahadi, 26 ga Mayu, bayan sujada

Fasto bai zo ba. Taimakon iri da aka ce ekklesiya za ta aiko shi ma bai zo ba.

Wa'azin yau kan mutanen nan na jeji ne da abinci ke sauko musu kowace safiya, aka ce kada kowa ya ajiye na gobe, wasu suka ajiye ya yi tsutsa. Cikin duk labaran da ke akwai, wannan ya zaɓo. Bai kalli sashen mata ba ko sau ɗaya, ni kuwa zufa har cikin kallabi.

Ina dawowa na jawo tulu na tona da yatsa. Ba tsutsa. Toka ce da tsaba, lafiya lau. Na zauna bakin gado ban san ko in gode ba ko in tuba. A zumuntar mata ni ke koya wa amare biyayya. Da sun gan ni rarrafe ƙarƙashin gado da sun sha dariya.

Litinin, 27 ga Mayu

Hannu guda. Ubangiji, ka gani dai.

Alhamis, 30 ga Mayu, da yamma

Saƙon Labo ya iso a bayan babur. Buhu guda, ɗaure da kyau. Tun kafin a sauke na ji rashin nauyinsa a yadda mai babur ya ɗaga shi, amma na ƙi yarda sai da na kwance.

Garin rogo.

Mai kyau, fari tas, na can ƙetaren iyaka. Labo ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Abinci na ce, abinci ya aiko. Zainaba da yara suka kewaye buhun suna murna, Ayuba ya ɗaga hannu ya ce, "Kin gani, Tala? Rumbun Ubangiji..." Ban bari ya ƙarasa ba, na shige ɗaki. Wa ya taɓa shuka garin rogo ya tsiro?

Asabar, 1 ga Yuni, da la'asar

Hadari ya haɗu gabas, baƙi ƙirin, aka kwashe shanya. Iska ta zo ta watsa shi. Kowa na cewa kaico, ni kaɗai a garin nan na ji sanyi a raina da ruwa bai sauka ba. Wace irin manomiya ce ke tsoron ruwan sama?

Litinin, 3 ga Yuni, da hantsi

Mutane sun fara binne, suna zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Jika ya leƙo ta kan darni ya ce, "Malam Ayuba, kai ba ka binne bana?" Ya ce, "Ruwan gaske nika jira." Jika ya ce tunda Malam Ayuba na jira shi ma zai jira. Ka ji fa. Har shawara ake ɗauka wurinmu.

Laraba, 5 ga Yuni, da safe

Ya hau, ya ɗaga jinka, ya daɗe a ciki. Da ya fito, 'yar tsaba ce a cikin hularsa, wadda ya share daga ƙasa haɗe da kashin ɓera. Ya miƙo mini. Bai mai da jinkar ba, ya bar ta yashe a ƙasa ya tafi gona.

Na tsaya ina kallon rumbu buɗe. Na ce yau kam ba al'adar da zan karya, ba abin da za a ɓoye wa mace. Na jawo turmi na kife na taka.

Shekarun aurena duka ina tunanin yadda cikin rumbu yake. Ashe ba komai ba ne. Itace a jere, ƙaiƙayi, da tsumman jan zanena a ninke gefe guda. Ninke su ya yi, bai yar ba.

Na ga gindin rumbu.

Alhamis, 6 ga Yuni

Gari da ruwa. Gari da ganyen tafasa da yamma.

Asabar, 8 ga Yuni, da rana

Salima, autar Zainaba da aka yaye kan hanyar gudu, ba ta riƙe garin rogo. Tana sha yana fita. Yarinyar da ta tashi da nono a baki. Idonta ya faɗa, ba ta ko kuka sosai.

Zainaba ta zo ƙofar ɗakina ta tsuguna. Tunda suka zo ba ta taɓa roƙon komai ba, ko gishiri sai na bi ta da shi. Ta daɗe tana zane ƙasa da tsinke, sannan ta ce, "Adda Tala, ko hatsi kaɗan ya rage? Kunu kawai. Yarinya ba shi son gari."

Tulun yana bayana, tsakanina da shi bai fi taku ba.

Na ce babu.

Asabar ɗin dai, da yamma

Na ce babu.

Lahadi, 9 ga Yuni, da hantsi

Ban je sujada ba, na ce kaina ke ciwo. Daga nan ina jin waƙarsu, ina kuma jin Salima daga bakin gona, wani ɗan sauti kamar na mage.

Na durƙusa in yi addu'a. Na ce, Ubangiji, kai ne mai iko duka, an faɗa mini tun ina yarinya kuma ban taɓa musu ba. Ka iya cika rumbun nan kafin in tashi daga gwiwata. To me ya sa ɗan abin da ke cikin tuluna kake so? Kana da sama da ƙasa, ni ina da abin da bai cika tiya biyu ba. Shi ne shekara mai zuwa, shi ne Baba Dikko, shi ne mutuncin bawanka da ke can yana yi maka waƙa da cikin da ba komai.

Na jira. Kaza ta shigo ta fita. Ba abin da na ji sai yarinyar.

Lahadi, da la'asar

Na jawo tulu. Na raba biyu, na ce rabi. Da na ga rabin a ƙwarya sai na ga kunun kwana biyu ne kawai, na ƙara. Ban ji wani farin ciki ba, kada in yi ƙarya. A wa'azi ana cewa mai bayarwa na jin daɗi. Ni ji na yi kamar ana cire mini haƙori.

Na kai wa Zainaba haka nan ban wanke ba, wautata ke nan. Ta sa hannu ta murza, ta dubi tokar da ke yatsunta. Bafulatana ce amma ta zauna kusa da manoma duk rayuwarta, ta san abin da ake cuɗawa da toka.

Ta ce, "Adda, wannan iri ne."

Na ce, "Hatsi ne, dama kunu."

"Tuwon nan mai daɗi da muka ci..."

"Zainaba, yarinya na jira."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Mi yetti," na gode ke nan da harshensu. Na ce don Allah kada Bappa ya ji. Ta ɗauki ƙwaryar ta tafi.

Talata, 11 ga Yuni, da safe

Salima ta riƙe kunu. Ta zauna da kanta, har ta ja mini kallabi. Na rubuta wannan don kada in manta an yi abu ɗaya mai kyau a watan nan.

Laraba, 12 ga Yuni, da hantsi

Bappa ya ji.

Ya zo da sandarsa ya tsaya gaban rumbun da ke buɗe, ya daɗe. Ina madafa ina jin su.

"Ayuba, irin Dikko ka ba mu muka ci?"

"Hatsi kunka ci, Bappa."

"Ka bar ni ina yabon tuwo. Kai! Ka kashe ni da kunya. Da ka ce babu, da mun wuce gaba."

"Ku wuce ina? Ubangiji ya kawo ku nan."

"Allah ya kawo mu mu cinye shekararka? Har abin da matarka ya ɓoye mun sha."

Ayuba bai juyo wajen madafa ba. Ya ce, "Zauna, Bappa." Bappa ya ce shi ba zai ƙara zama inuwar rumbun nan ba.

Alhamis, 13 ga Yuni, da safe

Sun tafi. Gidan Rumji suka nufa, an ce ana rabon abinci ga waɗanda suka gudo. Ayuba ya bi su har bayan gari yana roƙo, ya dawo shi kaɗai. Zainaba ta bar mini ƙwaryar tatsarta a ƙofar ɗaki, a kife.

Ga shi nan. Iri ya tafi, baƙi sun tafi, abota tun ta iyaye ta tafi da kunya. Ni na tona, da hannuna da tokata. Na mai da babbar tukunya bayan ɗaki.

Bai ce mini komai kan tulu ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi.

Asabar, 15 ga Yuni

Ba komai.

Litinin, 17 ga Yuni, da rana

Maƙwabta na Salla. Matar Jika ta aiko da nama, mun ci da gari. Ayuba ya yi godiya mai tsawo a kan kwanon, har ya sa su Bappa da Faruku a ciki. Bai ce komai kan rumbun Ubangiji ba. Kwana biyu ke nan ban ji ya faɗa ba, kuma ni da maganar ke ba haushi, yanzu kewarta nake.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Ruwa ya sauka. Tun azahar ake yi, ruwan gaske, irin wanda ya ce yana jira. Yara na tsalle tsirara a titi, mata na guɗa. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki.

Ruwan ya zuba cikin rumbunmu da ba jinka. Mun zauna bakin ƙofa ni da shi muna kallo.

Alhamis, 20 ga Yuni, bayan mun dawo gona

Gari na wayewa na ji shi yana gyara ƙotar sungumi. Na ce ko dai kan mutumin nan ya taɓu. Ya tsaya ƙofar ɗaki ya ce, "Tala, ɗauko abin nan naki."

Na ce, "Sata na yi."

Ya ce, "To. Ɗauko."

Na juye tulu a ƙwaryar Zainaba. Ko gindinta bai rufe da kyau ba.

Duk gari na gona. Yadda ake yi ke nan tun kaka da kakanni: namiji a gaba yana sara rami da sungumi, taku ɗaya sara ɗaya, mace a baya tana jefa iri ta rufe da ƙafa. Mai sara ba ya waiwaye, in ya waiwaya layi ya karkace. Jika da iyalinsa na gonarsu gefenmu, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Ayuba, ka yi gaskiya, ga ruwan gaske!"

Muka fara daga bakin hanya. Ina ƙididdige tsaba da yatsu uku, abin da ake zuba wa rami ɗaya na raba wa uku. Ƙasa na da sanyi a tafin ƙafa. Ya soma waƙar sujada a hankali, saransa na bin waƙar. Muka je muka dawo, muka je muka dawo. Daidai gindin gawon nan na tsakiyar gona na sa hannu a ƙwarya na ji toka kaɗai.

Na tsaya. Shi bai tsaya ba. Gona na gabansa har can, abin da muka shuka bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Na buɗe baki in ce ya ƙare. Sai na ga bayan rigarsa jiƙe da zufa, ƙashin kafaɗarsa na motsi, ga matar Jika na kallo daga iyaka.

Na sa hannu a ƙwarya, na jefa, na rufe da ƙafa.

Ban san don wa na yi ba. Ko don kada matar Jika ta gane, ko don shi, ko don Wanda aka ce yana kiran abin da babu ya zama akwai. Na bi shi rami bayan rami har rana ta take, ina jefa babu ina rufewa da kyau, ina dannawa da diddige kamar yadda uwata ta koya mini don kada tsuntsu ya tone. Ya san girman ƙwaryar, ya ga abin da ke ciki da idonsa. Bai waiwayo ba har muka kai ƙarshen gona.

A hanyar gida ya ce, "Sannu da aiki." Na ce, "Sannu kai ma."

Asabar, 22 ga Yuni

An ƙara ruwa. Gari ya kusa ƙarewa a buhu.

Talata, 25 ga Yuni, da hantsi

Ya tsiro. Daga bakin hanya har gindin gawo, kore shar, layi a miƙe, irin Baba Dikko ba ya ƙin ƙasa. In Allah ya raya shi zai ba mu 'yan dammai, ba za su kai mu ko sanyi ba. Daga gawo zuwa can, ƙasa ce da sawun ƙafata.

Ayuba bai tsaya kan koren ba. Ya wuce gawo, ya tsuguna kan ramin farko yana dubawa, ya matsa na biyu. Na tsaya riƙe da butarsa, ina so in ce, bawan Allah, tashi mu tafi gida, ni na bi ramukan nan, na san abin da na zuba.

Na ajiye buta. Na kama layin da ke kusa da nasa, na tsuguna, ina dubawa.